Tambaya Mabuɗin Sani: Tsohuwar Mota da Isansi Mai Alkol

Kowace ranar kasuwa, tsofaffin motoci ne ke kwasar hatsi da albasa da awaki da mutane daga ƙauye zuwa gari. Akwai Peugeot 404 mai bashe. Akwai 504, irin wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna. Akwai Land Rover da tsofaffin Toyota. Wasunsu sun girmi direbobinsu. Idan ɗaya ta mutu a hanya, asarar ba ta mai motar ba ce shi kaɗai. Tumatir zai ruɓe, kasuwa ta watse, mai naƙuda ta kwana a daji. Don haka abin da ake zuba wa waɗannan motoci a tanki ya shafi kowa.

Filin wannan wata zai yi bayani kan wani irin isansi, wato man mota da ake kira fetur a Najeriya. Shi wannan an gauraya shi da alkol. Ƙasashe da yawa sun koma amfani da shi. Ya kamata mai mota, da mai babur, da mai injin ban-ruwa su san shi, su san abin da yake yi wa tsohon inji.

Mene ne wannan alkol?

Isansin da aka saba da shi daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Misali, ɗanyen mai na Agadem, wanda aka fara tacewa a matatar Damagaram a shekarar 2011. Shi kuwa alkol daga gona yake fitowa. Sunansa na masana etanol. Shi ne ake goge wurin allura da shi a gidan likita.

Ana yin sa da duk amfanin gona mai zaƙi ko mai gari: rake, takanɗa, masara, rogo. A matse ruwan rake, a sa masa yisti irin na burodi, a bar shi ya yi tsami. Sannan a dafa shi, a tare tururin, ya huce ya koma ruwa. Wannan ruwan yana cin wuta, yana kuma iya tuka inji. Shi ne sinadarin da ke cikin barasa. Amma wanda ake sayarwa don mota an zuba masa isansi da gangan don kada a sha. Guba ne.

A ƙasashen da ake sayar da shi, ana rubuta alama a jikin pampon gidan mai. Harafin E ne da lamba. E10 na nufin a cikin lita 100 akwai lita 10 ta etanol. E20 na nufin lita 20. E85 na nufin etanol zai iya kai lita 85, isansi ya zama ɗan kaɗan.

A Amurka kusan duk isansin da ake sayarwa E10 ne. Faransa ta fara sayar da E85 a 2007, ta fara E10 a 2009. Indiya ta kai kashi 20 cikin 100 a 2025, Barazil kuma ta kai kashi 30 a wannan shekara. A Afirka ma abin ya daɗe. Zimbabuwe ta fara gaurayawa a 1980, Malawi a 1982, dukkansu da rake.

Mai kuwa yana tsallake iyaka cikin jarka da ganga, ana sayar da shi a kwalba a bakin hanya. Kwalba ba ta da alama. A watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur Najeriya daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp, a ƙasar Beljiyam. Aka tarar yana ɗauke da metanol fiye da kima. Metanol ɗan'uwan etanol ne, ya ma fi shi ɓarna. Motoci suka lalace, aka janye man daga kasuwa, aka yi makonni ana layi a Legas da Abuja. Da ido ba wanda ya iya bambanta shi da mai kyau.

Aikin karburato

Inji ba ya cin mai tsura. Sai an haɗa man da iska. A tsohuwar mota, abin da ke wannan haɗi shi ne karburato. A cikinsa akwai ɗan kwano da mai ke taruwa. Akwai ƴar gora mai yawo a kan man, wadda ke rufe hanya idan kwanon ya cika. Akwai kuma ƙananan kusoshin tagulla masu huda a tsakiya. Makanikai na kiran su jiklar. Ta wannan huda mai ke fita ya haɗu da iska.

Girman hudar an auna shi tun daga masana'anta, kuma don isansi aka auna. Kilo 1 na isansi yana bukatar iska kusan kilo 15 kafin ya ƙone daidai. Kilo 1 na etanol kuwa iska kilo 9 ta ishe shi. Dalili shi ne, etanol yana ɗauke da tasa iskar a jikinsa. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa oksijan ne, wato iskar da wuta ke ci. Saboda haka ƙarfin da ke cikin lita 3 ta etanol bai wuce na lita 2 ta isansi ba.

Makiyayi ya san wannan lissafi. Tiya ɗaya ta hatsi da tiya ɗaya ta dusa mudu ɗaya ne a ido. Amma dokin da ya saba da tiyar hatsi, idan aka koma ba shi tiyar dusa, zai rame. Sai an ƙara masa awo.

Sababbin motoci suna da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Tana sansanar hayaƙi, ta gane abincin ya yi kaɗan, ta ƙara. Karburato ba shi da wannan wayo. Awon da aka huda masa shi yake bayarwa kullum, ko me aka zuba. Duk maganar wannan wata a nan take.

Ɓarna ta farko: yunwa

Idan aka zuba E85 a motar da ba a gyara ba, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Inji yana aiki da yunwa. Ga alamominsa:

Mota ba ta son tashi. Idan ta tashi, ba ta tsayawa sai an ja abin rufe iska da ake ja da safe. Idan aka taka, sai ta yi jinkiri, karburato ya riƙa atishawa. Da kaya ko a cikin rairayi ƙarfinta ya ƙare. Idan aka kwance buji, bakinsa ya yi fari fat, maimakon launin ƙasa-ƙasa.

Direban da ya ga haka ya ci gaba da tilasta ta, yana iya ƙona bawul, wanda wasu makanikai ke kira supap. Yana iya ma huda kan fistan. Wannan gyara ne na buɗe inji, mai cin kuɗi da yawa.

Da E10 yunwar kaɗan ce. Yawancin tsofaffin motoci suna tafiya da shi, musamman idan makaniki ya ɗan buɗe kusar daidaita mai. Daga kashi 20 zuwa sama, alamomin sukan fito fili.

Ɓarna ta biyu: cin roba da ƙarfe

Tsakanin tanki da inji akwai tiyo na roba. A cikin pampon mai akwai fatar roba da ke bugawa. A mahaɗar karburato akwai wasu ƙananan robobi da kwalaye masu toshe yoyo. Waɗanda aka yi a shekarun 1970 da 1980 ba a yi su don alkol ba. Etanol yana kumbura su, ya tausasa su. In sun bushe sai su tsage.

Tiyon da ya tsage a kan inji mai zafi gobara ce. Fatar pampo kuwa idan ta huje, a irin pampon da ke manne a jikin inji, mai yana iya zuba cikin baƙin mai. Baƙin mai ya tsinke, inji ya riƙa cin kansa.

Jikin karburato da wani ƙarfe mai taushi aka zuba shi, haɗin tutiya ko na alminiyam. Etanol mai ruwa yana cin sa. Idan aka buɗe kwanon sai a ga wani farin gari kamar kanwa. Shi ne ke toshe jiklar.

Akwai kuma maganar dauɗa. Tankin da ya shekara 30 yana aiki ya tara tsatsa da ƙaro a gindinsa. Isansi yana barin su kwance. Etanol kuwa yana wanke su, ya kwaso su gaba ɗaya ya kai rariyar mai. Rariya ta toshe, mota ta mutu a tsakiyar hanya.

Ɓarna ta uku: ruwa

Isansi da ruwa ba sa haɗuwa. Etanol kuwa yana son ruwa kamar yadda gishiri ke son sa. Yana jan laima daga iska. Idan ruwan kaɗan ne, yana ƙonewa tare da man, ba a ma sani ba. Amma akwai iyaka. A tankin lita 40 na E10, ruwa kamar kofi ɗaya ya isa ya raba man biyu. Etanol da ruwa su kwanta a ƙasa, isansi ya hau sama.

Pampo daga ƙasa yake jan mai. Don haka ruwan ne zai fara isa karburato. Isansin da ya rage a sama shi ma ya rasa ƙarfin jure matsi, sai inji ya riƙa ƙwanƙwasa.

Da rani iska a bushe take, haɗarin kaɗan ne. Da damana ne ake jin tsoro, da kuma man da aka adana cikin ganga marar murfin kirki, ko motar da aka jingine wata da watanni da rabin tanki.

Ɓarna ta huɗu: sanyi da zafi

Mai ba ya kama wuta sai ya zama tururi. Isansi yana tururi ko da sanyi. Etanol tsantsa kuwa, idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 13, ba ya ba da tururin da buji zai kunna. Da asubar ɗari, a watan Disamba da Janairu, ana samun irin wannan sanyi a Damagaram da Maraɗi da Tawa. Shi ya sa ake barin isansi a cikin E85. A Turai da Amurka ma ana ƙara yawan isansin lokacin sanyi.

Da bazara kuma wata matsala ce dabam. Isansi mai ɗan etanol, kamar E10, ya fi isansi tsantsa saurin tururi. Idan mota ta yi tafiya mai nisa aka kashe ta a rana, man yakan tafasa a cikin tiyo da pampo. Pampo ba ya iya tura tururi. Sai an jira inji ya huce.

Abin da ya faru a Barazil

Ba ƙasar da ta san wannan magana kamar Barazil, a Kudancin Amurka. Ita ce ta fi kowace ƙasa noman rake. A 1973 farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu a duniya, daga wajen dalar Amurka 3 zuwa wajen 12 kowace ganga. Barazil a lokacin daga waje take sayen mafi yawan manta. A watan Nuwamba na 1975, gwamnatin shugaba Ernesto Geisel ta kafa babban shiri na yin man mota da rake.

Da farko gaurayawa aka yi da isansi. A 1979 kamfanin Fiat ya fito da ƙaramar mota mai suna 147, wadda ke tafiya da etanol kaɗai. Mai karburato ce. Hayaƙinta yana warin barasar rake, har mutane suka yi mata laƙabi da ita.

Jama'a suka yi rububi. Wasu suka sayi sababbi, wasu suka kai tsofaffin motocinsu garaji aka juya su. Ba da daɗewa ba sai kuka ya tashi. Karburato yana ruɓewa, tanki yana tsatsa, mota ba ta tashi da safe. A 1981 cinikin motocin etanol ya faɗi ƙwarai.

Masu ƙera motoci suka koma suka gyara. Suka shafe karburato da wani ƙarfe da ake kira nikel. Suka shafe cikin tanki da kuza. Suka sauya tiyo da robobi. Suka ƙara matsin inji, domin etanol yana jure matsi fiye da isansi, kuma a nan ƙarfinsa yake fitowa. Suka ƙara wani ɗan ƙaramin tanki na isansi, don tayar da mota da sanyin safe. Da aka yi haka, motocin suka yi lafiya. Wajen 1985, cikin sababbin ƙananan motoci 10 da aka sayar a ƙasar, kimanin 9 na etanol ne.

Sai kuma wata masifa ta zo. Ɗanyen mai ya yi araha a 1986. Sukari ya yi tsada a kasuwar duniya. Masu masana'antar rake suka karkata ga yin sukari. A 1989 etanol ya yi ƙaranci a gidajen mai. Masu motocin suka yi ta layi, ga isansi a pampo na gefe amma motarsu ba ta iya cin sa. Mutane suka guji motocin etanol shekara da shekaru. Ba su dawo ba sai a 2003, da kamfanin Volkswagen ya fito da mota mai suna Gol, wadda na'urarta ke karɓar isansi, ko etanol, ko haɗinsu.

Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Darasi biyu ne a nan. Na farko, etanol mai ne na ƙwarai idan an shirya masa inji. Na biyu, motar karburato abinci ɗaya take iya ci. Idan aka daidaita ta don wannan, ta bar wancan.

Idan ana son a juya mota

Tsohuwar mota tana iya tafiya da E85. Amma aikin makaniki ne da ya san hannunsa, kuma a jere ake yin sa.

1. A sauke tanki a wanke shi, a duba tsatsa.
2. A sauya duk tiyon roba da sababbi masu jure alkol.
3. A sauya pampon mai ko fatarsa. Dole pampon ya iya turo mai fiye da da.
4. A sa sabuwar rariya. A sake sauya ta bayan cika tanki biyu ko uku na farko.
5. A kwance karburato, a sauya robobi da kwalayensa, a duba ƴar gorar.
6. A sa jiklar masu babbar huda. Injin yana bukatar ƙarin mai kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin 100. A karburato irin su Solex da Weber, lambar da ke jikin jiklar faɗin hudar ce. Mai lamba 120 zai koma wajen 140. Ƙaramin jiklar na tsayuwa shi ma a ƙara shi. Kada a huda da ƙusa ko waya. Hudar da ta wuce kima ba ta komawa.
7. A daidaita lokacin wutar buji.
8. A riƙa juye baƙin mai da wuri.

A Faransa ana sayar da wani ɗan akwati da ake liƙa wa mota don ta karɓi E85. Hukuma ta amince da shi a 2017, amma don motocin da aka yi daga wajen shekarar 2000, masu na'urar fesa mai. A motar karburato ba shi da wurin da zai kama. Duk wanda ya tallata shi don tsohuwar 504, ya so cin kuɗin mutane ne. Haka ma ruwan magani da ake ɗigawa a tanki. Yana iya rage tsatsa, amma ba ya faɗaɗa hudar jiklar.

Bayan an juya mota, idan aka koma zuba isansi tsantsa, sai man ya yi mata yawa. Ta riƙa baƙin hayaƙi, buji ya yi baƙi, ta sha mai kamar rairayi. Motar kasuwa kuwa ba ta zaɓen inda take shan mai. Yau tana Madawa, gobe tana Dakwaro. Saboda haka juya mota ba shi da amfani sai a inda E85 yake samuwa kullum, a duk hanyar da take bi.

Lissafin kuɗi

Ana yawan cewa man etanol ya fi araha. A yi lissafi tukuna. A ɗauka, don misali, litar isansi dala 100 ce, wato tamma 500. Mota tana shan lita 10 a kilomita 100. Kuɗin tafiyar jaka 5 ke nan. Da E85 za ta sha wajen lita 13 a wannan tafiya. Kafin a tashi daidai, sai litar E85 ta kasance dala 77. Idan ta wuce haka, an yi asara, ko da ta fi isansi araha a ido. Ba a ma sa kuɗin makaniki da na kayan gyara ba. Araha ba ta ado.

Gwajin kwalba

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko mai yana da alkol. A Barazil doka ta ba mai saye damar ya ce a yi masa irin wannan gwaji a gidan mai. Kowa yana iya yin sa a gida.

A sami kwalbar gilashi fara, mai miƙaƙƙen jiki, da ma'aunin ƴan makaranta mai santimita. A zuba ruwa mai tsabta ya kai santimita 5. A yi alama a jikin kwalbar. A ƙara man a kai, shi ma santimita 5. A rufe, a juya kwalbar sama da ƙasa kamar sau 10. A ajiye ta a inuwa minti 15.

Ruwa zai kwanta a ƙasa, mai ya hau sama, da layi a tsakaninsu. Idan layin yana kan alamar, ba alkol a ciki. Idan ya hau sama da alamar, akwai. Alkol ɗin ne ya bar isansi ya bi ruwa. Kowane rabin santimita da layin ya hau, kimanin kashi 10 cikin 100 ke nan. Idan ya hau santimita 1, man ya kai E20. Gwajin yana kama metanol ma.

A yi shi a fili, nesa da murhu da taba. Abin da ya rage kada a zubar kusa da rijiya, ko garka, ko wurin shan dabbobi. Ƙungiyar masu motoci a tasha, ko ƙungiyar masu garake, tana iya ajiye kwalba ɗaya mai alama, kowa ya riƙa amfani da ita.

Babur da injin ban-ruwa

Yawancin baburan da ke ƙauye, da injinan ban-ruwa, da ƙananan injinan wuta, duk karburato gare su. Hudar jiklar ɗinsu ta fi ta mota ƙanƙanta, ta fi saurin toshewa. Yawancinsu iska ce ke sanyaya su, don haka yunwar mai tana saurin ƙona su. A Amurka an yarda a zuba E15 a motocin da aka yi daga 2001. Amma an hana zuba shi a babur da ƙananan injina. Ga irin waɗannan, kada a wuce kashi 10.

Injin da ake haɗa masa isansi da baƙin mai a tanki ɗaya ya fi kowa haɗari. Idan alkol ya yi yawa, baƙin man ba ya gauraya sosai. Fistan ya bushe ya kama.

Mai garka yana aiki da injinsa daga ɗari zuwa bazara. Da damana ta faɗi sai ya jingine shi. Kafin a jingine, a juye tanki. A rufe makunnin mai, a bar injin ya yi ta aiki har ya mutu da kansa. A kwance ƴar kusar da ke gindin karburato, sauran man ya fita. A ajiye injin inda ruwa ba ya taɓa shi. Aikin minti 10 ne. Rigakafi ya fi magani.

Idan an riga an zuba

Cikin tanki ɗaya ba ya kashe mota nan take. Idan kaɗan aka zuba, a cika tankin da isansi mai kyau, a yi tafiya a hankali, ba da kaya mai nauyi ba. Idan da yawa ne, a juye tankin. Kada a bar man ya kwana biyu a cikin mota. Bayan haka a sauya rariya, a bi tiyo da hannu a duba inda ya yi taushi ko yake jiƙa.

Kada a zuƙi mai da baki ta tiyo. Idan akwai metanol a ciki, kaɗan ya isa ya makantar da mutum.

Wutar alkol tsantsa shuɗiya ce, ba ta da hayaƙi sosai. Da rana tsaka ba a cika ganinta ba. Idan mai ya zube aka ji zafi yana tashi, a janye yara, a rufe wurin da rairayi. Kowace motar kasuwa ta riƙa ɗaukar abin kashe gobara.

Rabon manomi

Tunda daga gona wannan mai yake fitowa, manomi yana da ta cewa. Tan ɗaya na rake yana ba da etanol kimanin lita 80. Buhun masara mai kilo 100 yana ba da wajen lita 40, wato cikin tankin ƙaramar mota sau ɗaya. A Amurka, fiye da kashi ɗaya cikin uku na masarar da ake nomawa wurin yin etanol take tafiya. Dusar da ta rage, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin masarar, ana ba shanu.

Ana noman rake a fadamun Matamaye da Magariya. Amma rake ruwa yake ci da yawa, kuma ƙasar da ke jiran damana ɗaya a shekara rumbu take fara cikawa. Ƙasashen Afirka da suka fara wannan aiki da ragowar masana'antar sukari suka fara, wato baƙin ruɗin da ke saura bayan an fitar da sukari.

Abin da za a riƙe shi ne wannan. Tsohuwar mota mai karburato tana jure alkol har kashi 10, idan tiyonta da robobinta sababbi ne. Abin da ya wuce haka, kada a zuba sai makaniki ya shirya ta. Man da ba a san asalinsa ba, a gwada shi da kwalba kafin ya shiga tanki. Wanda ya karanta wannan fili ya karanta wa direban garinsu da maƙwabcinsa mai injin ban-ruwa. Malaman yaƙi da jahilci kuma suna iya yin gwajin kwalbar a gaban ɗalibai, kowa ya gani da idonsa.